Darasi na Tara: Wa Ya Ce, Kuma a Ina Ya Ji?

Abin da ake so ɗalibi ya fita da shi daga wannan darasi abu ɗaya ne: in labari ya zo masa, ta waya ko ta rediyo ko daga bakin maƙwabci, ya iya bin sawunsa zuwa inda ya fito kafin ya yi aiki da shi ko ya miƙa wa wani. Ba sai mutum ya yi karatu mai zurfi ba. Duk wanda aka taɓa zuwa neman auren 'yarsa a cikinku ya san aikin: ba a tsayawa kan abin da manemin ya faɗa game da kansa, sai an aika unguwarsu an tambayi asalinsa da sana'arsa da halinsa. Irin wannan binciken za mu koyi yi wa labari.

Daren gishiri

A ranar 20 ga Yuli, 2014, wani ɗan ƙasar Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a filin jirgin saman Legas ɗauke da cutar Ebola. Kafin a yi mako uku tsoro ya game ƙasa, mutane suka fara ɗari-ɗarin ba juna hannu. Sai a farkon watan Agusta, cikin dare ɗaya, wayoyi suka kama ƙara tun kafin kiran assalatu. Saƙon iri ɗaya ne: a tashi a dafa ruwa, a zuba gishiri, a yi wanka, a kuma sha, kafin gari ya waye. Wasu suka ce daga bakin wani basarake maganar ta fito, wasu suka ce likitoci ne suka faɗa, wasu suka ce a rediyo aka ji, amma ba wanda ya iya cewa ga likitan ko ga tashar. Da hantsi ya yi Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaryata zancen, sai dai an riga an sha. Jaridu sun ruwaito cewa aƙalla mutum biyu sun rasu, an kwantar da wasu da dama a asibiti. Mai hawan jini da ya ɗirki ruwan gishiri ya jefa kansa cikin haɗarin da ya fi na cutar kusa da shi. Ita kuwa Ebolar, mutum takwas ta kashe a duk faɗin Najeriya, a Legas da Fatakwal. Ba ta iso Abuja ba, kuma a ranar 20 ga Oktoba na wannan shekara Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa ƙasar ta rabu da ita.

Yanzu ku tuna wanda ya kira ku a daren nan. Uwa ce, ko yaya, ko aminin da ba zai taɓa so a cuce ku ba. Babu maƙaryaci ko ɗaya a cikinsu, kuma ƙauna ce ta hana su barci. A nan kuskuren yake ɓoye. Mun yarda da mai kiran, sai yardar ta zarce ta hau kan saƙon, alhali shi mai kiran bai san komai game da Ebola ba. Shi ma wani ne ya tashe shi. Wanda ya kawo maka labari daban, majiyar labarin daban. In kun riƙe wannan bambanci kun riƙe rabin darasin.

Silsila

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna a zauren malam ya ji yadda malaman hadisi suka raba kowace ruwaya gida biyu: matani, wato ita maganar, da isnadi, wato jerin mutanen da suka karɓe ta ɗaya daga ɗaya. Imamu Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, da takwarorinsa ba su tsaya ga daɗin magana ba. Sukan tambaya: wannan mutum ya yi zamani da wanda ya ce ya ji daga gare shi? Sun haɗu? An san shi, ko suna ne kawai da ba wanda ya san mai shi? Abin da ya fi burge mai wannan rubutu shi ne yadda suka raba gaskiyar mutum da ƙarfin riƙonsa. Mutum yana iya zama mai ibada, mai tsoron Allah, amma in yana da yawan mantuwa ko yana cakuɗa zance, sai su raunana ruwayarsa ba tare da sun kira shi maƙaryaci ba. In kuwa aka rasa mutum ɗaya a tsakiyar jerin, an samu yankewa, ruwayar ta sauka daga matsayinta. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta yi umarni da a bincika labari kafin a afka wa mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. 'Yan'uwanmu Kiristoci da ke cikin aji kuma sun san cewa Luka ya buɗe Bishararsa ne da bayanin cewa ya bi diddigin al'amuran daga waɗanda suka gani da idonsu.

Har yau muna aiki da wannan tsari sau biyu ko uku a shekara, wajen ganin wata. Mutum ba ya cewa ya ga jinjirin wata a ɗauki azumi nan take. Sai ya je gaban hakimi ko sarkin yankinsa, a tambaye shi a ina ya tsaya, da ƙarfe nawa, ta wace kusurwa, wa ke tare da shi. Daga nan a miƙa wa kwamitin ganin wata, sannan Sarkin Musulmi ya yi sanarwa daga Sakkwato. Amma kowace shekara, tun kafin fada ta ce uffan, za ku ga saƙo yana yawo cewa an ga wata a gari kaza. Mai hankali yakan jira, don ya san wanda ke da alhakin faɗa.

To, tambayar farko ke nan ga kowane labari: wa ya fara faɗa? "An ce", "wai", "majiya mai tushe", "wani babban jami'i", "likitocin Amurka", duk waɗannan isnadi ne da ya yanke. WhatsApp ma da kansa yana ba da alama: in saƙo ya daɗe yana yawo daga hannu zuwa hannu, za ku ga kibiya biyu a samansa. Tun shekarar 2020 kamfanin ya taƙaita tura irin wannan saƙo zuwa wuri ɗaya a lokaci guda. Kibiya biyu ba ta nufin ƙarya ce. Tana nufin wanda ya turo maka ya yi nisa ƙwarai da wanda ya rubuta.

In an samu sunan mai maganar, sai tambaya ta biyu: ta yaya ya sani? Direban da ya taso daga Kaduna da safen nan ya fi kowane farfesa sanin halin da hanya take ciki yau, amma sanin hanya bai ba shi sanin dalilin tashin kuɗin man fetur ba. Likitan ido likita ne, sai dai maganarsa kan taki ba ta fi ta manomin Kwali ba. Kowane sani da gidansa, kuma mu mazauna Abuja mun yi sa'a yawancin gidajen suna kusa da mu. Ƙididdigar tsadar kaya ta Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ce. Ɓarkewar cuta ta hukumar NCDC ce da ke Jabi. Hasashen damina na NiMet ne, kuɗin kujerar Hajji na NAHCON da hukumomin alhazai, sakamakon zaɓe na INEC da ke Maitama, rajistar magani kuma ta NAFDAC. Adireshin shafukan hukumomin gwamnati a intanet yakan ƙare da .gov.ng. In saƙo ya ce wata hukuma ta faɗi abu, a leƙa a gani ko ta faɗa.

Gaskiyar da ta kwana

Akwai labarin da ba ƙarya ba ne, tsufa kawai ya yi. Ku tuna canjin kuɗi. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, 2023. Sai aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Sai Shugaba Buhari ya ce tsohuwar ɗari biyu ta ci gaba da yawo. Sai Kotun Ƙoli a ranar 3 ga Maris ta ce duk tsofaffin su ci gaba har ƙarshen shekara, daga baya ma aka cire wa'adin. Kowace sanarwa gaskiya ce a ranar da aka yi ta. Amma bidiyon sanarwar Janairu bai daina yawo a Maris ba, kuma mai tumatir da ya gan shi a ranar ya ƙi karɓar kuɗin da doka ta halatta. Don haka a nemi kwanan wata. Takardar sanarwa da ba ta da rana da shekara da sa hannu, a ajiye ta gefe.

Hoto ya fi haɗari, don mun taso da cewa gani ya kori ji. A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin da aka yi a yankin Barikin Ladi a Jihar Filato, hotuna masu tayar da hankali sun bazu a Facebook ana cewa na waɗanda aka kashe ne. Binciken da BBC ta wallafa a watan Nuwamba na shekarar ya gano cewa hoton wani jariri da aka yaɗa ya fara fitowa ne watanni kafin rikicin, wani bidiyo kuma tun 2012 aka ɗauke shi a Kwango Barazabil. 'Yan sandan Filato sun shaida wa masu binciken cewa irin waɗannan hotuna sun ƙara rura wutar ramuwar gayya, wadda ta ci matafiya da ba su ji ba ba su gani ba. Hoton na gaske ne. Bayanin da aka liƙa masa ne ƙarya, kuma wannan ita ce dabarar da aka fi amfani da ita, don ba ta buƙatar gwaninta.

Kafin ku yarda da hoto ko bidiyo, ku ƙura masa ido kamar ba ku karanta rubutun da ke ƙasansa ba. Lambar motar da ke wucewa irin ta Najeriya ce? Allon shagon da ke baya da wane harshe aka rubuta shi? Kakin ɗan sandan namu ne? An ce jiya abin ya faru, muna tsakiyar hunturu, to me ya sa ciyawa take kore shar, ƙasa kuma a jiƙe? Mai babbar waya yana iya saka hoton a Google Lens ya ga wuraren da ya taɓa fitowa da shekarun da ya fito. Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ke iya kwaikwayon muryar malami ko gwamna ta sa shi faɗin abin da bai faɗa ba. Ido da kunne kaɗai ba za su ƙara isa ba. Dole a koma ga tambayar farko, a ga ko maganar tana shafin mutumin na ainihi ko wata kafa da aka sani ta ɗauko ta.

Akwai kuma labarin da jiki ne da kansa yake ba da shaidar zur. A ƙarshen damina ta 2023 zancen satar mazakuta ya karaɗe Babban Birnin Tarayya, daga Gwagwalada har cikin gari. Mutum ya gaisa da baƙo ko su gogi juna a tasha, sai ya kurma ihu, jama'a su rufar wa bawan Allah da duka. Rundunar 'yan sandan Abuja ta riƙa kai masu ƙorafin asibiti, likitoci suna tabbatar da cewa lafiyarsu ƙalau, aka kuma gurfanar da da dama daga cikinsu a kotu bisa laifin ba da bayanin ƙarya. Wasunsu da gaske suka tsorata, don tsoro yana sa mutum ya ji abin da babu a jikinsa. Amma ku dubi waɗanda suka yi dukan. A cikinsu wa ya ga wani abu? Ihu kawai suka ji.

Wa zai ci riba?

Ga saƙon da kusan kowa a ajin nan ya taɓa samu. Yana farawa da "Da ɗumi-ɗumi", da tambarin wata hukuma a sama. An buɗe ɗaukar ma'aikata, ko rabon tallafi. Gurbi kaɗan ya rage, za a rufe gobe da tsakar dare. A latsa nan. In ka latsa, sai a nemi sunanka da lambar BVN, sannan a ce ka tura wa zaure biyar kafin a ci gaba, daga ƙarshe a nemi "kuɗin fom" a wani asusu mai sunan mutum. Ku lura da yadda aka gina shi. Tambarin, kowa yana iya kwafo shi. Wa'adin gobe an sa shi ne don kada ka samu sukunin tambayar kowa. Sharaɗin turawa ya mai da kai ɗan aiken ɓarawo zuwa ga danginka, kuma su za su yarda don daga gare ka ya fito. Adireshin kuwa, in ka duba, ba ya ƙarewa da .gov.ng. Babu hukuma ko banki da zai nemi lambar sirrin katinka ko lambar da aka turo maka ta tes.

A wajen zuba jari ma haka ne. MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, ta kulle asusun mutane a Disamba 2016. CBEX ta rufta da kuɗin jama'a a Afrilu 2025. A duka biyun, shaidar da ta ja mutane ita ce maƙwabci ko abokin aiki da aka biya da gaske. Ba ƙarya ya yi ba, amma da kuɗin 'yan baya aka biya shi, kuma yana da kamasho in ya kawo ka. Hukumar SEC da ke nan Abuja tana da jerin kamfanonin da ta yi wa rajistar karɓar jarin jama'a. Dubawa ba ta cin ko sisi.

Haka batun fili. Dillali zai nuna maka takarda mai hatimi, ya kai ka Lugbe ko Kuje ya nuna maka turaku. Wataƙila mutumin kirki ne, amma ladansa yana rataye ne da sayenka. A Babban Birnin Tarayya ofishin AGIS ne ke riƙe da bayanan filaye, kuma ana biyan kuɗi a yi binciken takarda a can kafin a biya kuɗin fili. Mutane da yawa sun tsallake wannan mataki don jin nauyin dillali, suka wayi gari katafila tana bakin ƙofa.

Hukuma ma takan yi kuskure

Wani ɗalibi zai ce: Malam, kana ta tura mu wajen hukuma, ita hukumar ba ta ƙarya ne? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana Kano.

A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Aka daɗe ana shari'a, har a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. To, a 2003, da zance ya bazu cewa an saka sinadarin hana haihuwa a allurar shan-inna, kunnuwa a buɗe suke. Wasu manyan mutane masu ilimi suka goyi bayan zargin, Jihar Kano ta dakatar da rigakafin, ba a dawo da shi ba sai a Yuli 2004, bayan gwaje-gwaje da kuma sayo maganin daga Indunusiya. Sakamakon haka cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka shanye. Sai a Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji.

Iyayen Kano ba wawaye ba ne. Zarginsu yana da tushe, an taɓa cin amanarsu. Amma abin da ya faru a 1996 bai zama hujja kan abin da ke cikin kwalbar 2003 ba. Wannan magana ce dabam, mai buƙatar tata shaidar. Wanda aka taɓa yaudara yana da haƙƙin ya tsananta bincike. Abin da ba shi da amfani shi ne ya rufe kunne ga mai suna da adireshi, ya buɗe shi ga saƙon da ba a san ubansa ba.

Abin da ya sa ake fifita hukuma ko jarida ko gidan rediyo da aka sani ba wai don ba sa kuskure ba ne. Don ana iya kama su ne. Suna da ofis da za a je, da edita da za a kira, da lasisi ko mutunci da za su yi asara, ana kuma iya kai su kotu. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ma ta ba kowane ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar gwamnati ya nemi bayani, ta kuma ba hukumar kwana bakwai ta amsa, ko da yake sau da yawa sai an yi ta bibiya. Alamar kafa ta gari ita ce in ta yi kuskure takan fito ta gyara a fili. Shafin da bai taɓa janye magana ba, ko dai bai daɗe ba ko kuma bai damu ba.

Duk da haka kowace kafa tana da mai ita. Tashar gwamnati ba ta cika fara labari da gazawar gwamnati ba, jaridar ɗan siyasa kuma ta san inda take taka burki. Maganin wannan shi ne a ji daga wuri biyu ko uku da ba uwa ɗaya ta haife su ba. A kula da wani tarko: in jaridu goma suka buga labari da kalmomi iri ɗaya, mai yiwuwa dukkansu daga Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya suka ɗauko, ko daga takardar sanarwa guda. Wannan shaida ɗaya ce, ba goma ba.

Wani bincike da Sam Wineburg da Sarah McGrew suka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka a 2017 ya gwada malaman tarihi da ɗaliban jami'a da ƙwararrun masu tantance labarai, aka ba su shafukan da ba su sani ba. Malaman da ɗaliban suka daɗe suna karanta shafin, kyan tsarinsa ya ruɗi da yawa daga cikinsu. Ƙwararrun kuwa ba su daɗe a ciki ba, suka fita suka nemi abin da wasu ke faɗa game da masu shafin, suka riga kowa gano gaskiya. A nan gida akwai masu yin wannan aiki kullum: Dubawa, wadda cibiyar binciken jaridar Premium Times ta kafa a Abuja a 2018, da FactCheckHub ta cibiyar ICIR, da Africa Check, da Alkalanci da ke aikinta da Hausa. Sau da yawa in ka rubuta kalmomi uku daga saƙon da ke damunka a Google, za ka tarar sun riga sun bincika shi.

Abu na ƙarshe da za a bincika shi ne kai kanka. Masu bincike a jami'ar MIT sun bi labarai kimanin 126,000 a Twitter, suka wallafa a 2018 cewa ƙarya ta fi gaskiya saurin yaɗuwa, kuma mutane ne suka fi yaɗa ta, ba na'urori ba. In labari ya sa gabanka ya faɗi, ko ya sa ka ce "ai dama na faɗa" game da wata ƙabila ko jam'iyya ko ɗariƙa, a lokacin ne hannunka ya fi saurin turawa, a lokacin ne kuma ya kamata ka ajiye wayar ka sha ruwa.

In babba ne ya turo

Gano ƙarya ya fi faɗa wa babba sauƙi. A ce kawunka ne ya tura wa zauren dangi saƙon tallafin nan. In ka rubuta "ƙarya ne" a gaban 'ya'yansa da surukansa, ka yi gaskiya amma ka rufe ƙofa. Gara ka kira shi shi kaɗai.

"Kawu, barka da yamma. Na ga saƙon da kuka turo, Allah ya saka da alheri da kuke tunawa da mu. Wa ya turo muku shi?"

"Wani abokina ne, mutumin kirki, tare muke salla."

"Haka ne, Kawu. Na leƙa shafin hukumar ne ban ga sanarwar ba, kuma asusun da suka bayar sunan mutum ne. Ina tsoron kada shi ma an yaudare shi. Ko za ku tambaye shi inda ya samo, kafin yara su fara tura kuɗi?"

Ba ka ƙaryata kawu ba, ba ka zagi abokinsa ba, kuma ka bar masa girman ya koma zauren ya janye da bakinsa.

Aikin aji da na gida

A aji, ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi saƙo ɗaya da aka turo wa ɗayanku a makon nan, ku rubuta sunan wanda ya fara faɗar maganar in akwai, da yadda ya sani, da ranar da aka faɗa, da wanda zai amfana in an yarda. Inda kuka rasa amsa ku bar gurbin fili, mu ƙirga guraben tare a allo. Wanda ba shi da babbar waya ya kawo labarin da ya ji a majalisa ko a mota.

A gida, kowa ya saurari labaran yamma a tashoshi biyu, ɗaya ta gwamnati ɗaya mai zaman kanta ko ta waje, a rana ɗaya. Ya rubuta labarin da kowacce ta fara da shi, da wanda ɗaya ta kawo ɗayar ta bari, da mutanen da kowacce ta ji ta bakinsu. Sannan ya ɗauki saƙo ɗaya da aka turo masa, ya tambayi wanda ya turo inda ya samo, ya nemi lambar wancan shi ma ya tambaye shi, har inda jerin ya tsaya. A zo da adadin mutanen da aka bi da kuma amsar na ƙarshe ranar darasi na goma.